Lissafin Kuɗin Cajin Mota Mai Lantarki

Yara, kun saba ganin mota ta tsaya gidan mai, a zuba mata fetur, direba ya biya ya wuce. To, akwai wata irin mota wadda ba ruwanta da fetur. Ƙarfinta a cikin batir yake, wanda aka shimfiɗa a ƙarƙashinta. In ƙarfin ya ƙare, sai a sa mata waya ta sha wuta, kamar yadda a ke yi wa wayar hannu. A shekarar 2021 aka buɗe tashar cajin irin waɗannan motoci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, mai aiki da hasken rana.

Kafin mu san kuɗin caji, sai mu san mudun da a ke awon wuta da shi. Sunansa yunit. Ƙwan fitila mai wat 100 in ya yi awa 10 a kunne, ya ci yunit ɗaya. Shi ne abin da mita ke ƙirgawa a gidajenku.

Batir kuwa kamar randa yake, akwai babba akwai ƙarami. Motar nan Hyundai Kona, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 2020, batirinta na ɗaukar yunit 64. Amma fa ku lura, ba duk wutar da ta wuce mita ke shiga batir ba. Wata takan zama zafi a waya da na'urar caji, kamar ruwan da ke zuba a hanya tsakanin rijiya da randa. Kimanin kashi ɗaya cikin goma ke tafiya haka. Don haka mai lissafi da hankali ba ya cewa 64, sai ya ce 70.

Saura farashi. A watan Afrilu na 2024 an yanka wa masu samun wuta awa 20 a rana naira 225 kowane yunit. Farashi yakan sauya, saboda haka ku duba takardar kuɗin wuta ta gidanku. Mu dai bari mu yi da wannan:

70 × 225 = naira 15,750

Da cikakken batir motar takan yi tafiyar kilomita 400 ko fiye. In kun raba 15,750 gida 400, za ku ga kowace kilomita ta tashi kusan naira 40. Watau daga Kano zuwa Zariya, kimanin kilomita 160, wutar naira 6,400 ke nan. Direba mai gudun tsiya, ko mai kunna na'urar sanyi tun safe har yamma, lalle nasa zai fi haka.

Ba safai a kan bari batir ya ƙare ƙaf ba. Abin da ya ragu kaɗai a ke cikawa, shi kuma a ke biya.

Aiki: Wata Kona ta dawo gida da rabin wuta a batirinta. Yunit nawa mita zai ƙirga kafin ta cika? Nawa ne kuɗinsu?