Amsoshin Tambayoyinku: Karatun Kyauta na Intanet Ɓata Data Ne?

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce a Azare, ina koyar da lissafi, ina da aure da 'ya'ya uku. Wata abokiyar aikina ta nuna mini kwasa-kwasan da ake yi kyauta a intanet, na yi rajistar guda huɗu cikin zumuɗi, amma har yau ban kammala ko ɗaya ba. In na dawo daga makaranta ga girki, ga yara, ga makin littattafai, kafin in zauna barci ya kwashe ni. Maigidana kuma cewa yake ɓata data kawai nake yi, tunda takardar da za su ba ni ba za ta ƙara mini matakin albashi ba. Shin gaskiyarsa ce? In kuma akwai amfani, ina zan samo lokacin?

AMSA: Maigidanki yana da gaskiya ta gefe guda, kuma gara mu fara ba shi ita. Takardar shaidar da ake samu bayan kwas na mako huɗu ko shida a intanet ba NCE ba ce, ba digiri ba ce, kuma ba ita hukumar ilimi take dubawa ba in an zo ƙarin girma. Idan matakin albashi kike hange, ƙofarsa daban take. Akwai Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, inda malaman da ke bakin aiki suke ƙaro karatu ba tare da sun ajiye alli ba. Akwai kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, mai cibiyoyin karatu a jihohi. Takardun waɗannan gwamnati ta san da su, sai dai ana biyan kuɗi, kuma tafiyar ta shekaru ce.

Inda na rabu da shi kuwa shi ne cewar da ya yi ɓata data ne. Abin da ake samu a waɗannan kwasa-kwasan iyawa ce, ita kuwa ba ta jiran sa hannun wani darakta kafin ta fara amfani. Tun a 2002 jami'ar MIT ta Amurka ta fara zuba darussan malamanta a intanet ga duk mai so, ba ko sisi. Salman Khan ya fara ne a 2004 da koya wa wata 'yar'uwarsa lissafi daga nesa, daga baya ya koma ɗora gajerun bidiyo a YouTube, abin ya bunƙasa ya zama Khan Academy. Can za ki tarar da lissafi tun daga ƙirgar 'yan aji ɗaya har zuwa na farkon jami'a, da tambayoyin gwaji masu faɗa miki nan take ko kin ci ko kin faɗi. A 2012 aka buɗe Coursera da edX, manyan jami'o'i suka riƙa sa darussansu. Malamar da ta ga yadda gwani yake warware wa yaro lissafin rabi da sulusi da rubu'i, ta shiga aji washegari ta gwada, ai ta riga ta karɓi ladan datarta. Haka wadda ta koyi zuba makin yara tamanin a Excel, na'ura ta fitar mata da jimla da na ɗaya har na ƙarshe cikin minti biyar, aikin da a da yakan cinye mata darare.

Ki dai buɗe ido wajen maganar kuɗi. Khan Academy da freeCodeCamp da OpenLearn na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ba sa karɓar komai. Dandalin Alison kuwa zai bar ki ki yi karatu, sai kin zo karɓar takarda a ce kawo kuɗi. A Coursera da edX ma takardar ta kuɗi ce, kodayake akwai fom na neman rangwame ga marar hali, kuma sharuɗɗansu kan canja, don haka a karanta kafin a shiga. Wanda kuma ya turo miki saƙo a WhatsApp cewa ga kwas kyauta har da alawus, amma ki fara turo kuɗin fom ko lambar BVN, wannan ɗan damfara ne, ki share.

Batun rashin kammalawa, kada ki ɗauka ragwancinki ne. A 2011 malamai biyu na jami'ar Stanford suka buɗe wa duniya darasinsu na ƙirƙirarriyar basira, mutum kusan 160,000 suka yi rajista, waɗanda suka kai ƙarshe wajen 23,000 ne. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2019 a kan kwasa-kwasan Harvard da MIT ya gano cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kusan mutum uku ne cikin ɗari suka kammala. Da yawa daga cikin waɗannan mutanen suna ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, data kuma ba abin damuwa ba ce. Abin da ya kayar da su shi ne ya kayar da ke: shiga ba wuya, fita ba wuya, kuma ran da mutum ya yi fashi babu wanda zai ce masa jiya ba mu gan ka ba.

Maganin wannan kuwa mu a nan mun daɗe da shi, a karatun zaure. Ki duba yadda ɗan kasuwa ko tela ko magini yake yin ilimi a garuruwanmu. Ba shi da hutu, ba shi da ɗakin karatu, amma sai ki ga ya sauke Ahalari, ya shiga Ishmawi, ya wuce Iziyya, har ya kai Risala, yana kuma ciyar da iyali. Bai taɓa zama jiran ranar da zai samu sarari ba. Ya ɗaure karatunsa ne a jikin abin da ba ya tashi, wato salla: bayan Asuba, ko tsakanin Magariba da Isha'i. Abin da yake ɗauka a zama guda bai wuce 'yan layuka ba, malam ya biya masa, ya fassara, ya tashi ya ba na bayansa wuri. Ba ya buɗe littafi na biyu sai ya sauke na farko. Uwa uba, akwai idon malam da na abokan karatu, kunya kaɗai ta isa ta fito da shi ran da jiki ya yi nauyi. Intanet ta kawo miki malamin har cikin ɗaki, amma sauran tsarin ke za ki gina shi da hannunki.

Saboda haka ki ajiye uku daga cikin kwasa-kwasan nan huɗu, yau ba gobe ba. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu. Ki bar wanda za ki yi aiki da shi a cikin wannan zangon karatu, ba wanda sunansa ya fi daɗin faɗa ba. Sannan ki yanke masa rabin sa'a, ki jingina ta da wata salla. Ga mace mai yara, bayan Asuba ya fi aminci, kafin gida ya tashi. Dare kuwa kin riga kin gwada, kin ga yadda kuka ƙare da barci. Rabin sa'a sau shida a mako sa'a uku ke nan, a mako goma sha biyu kin tara sa'a 36, wadda ta isa ta kammala yawancin ƙananan kwasa-kwasai. Kuma wannan ya fi a tara komai a jibge ranar Asabar. Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, maimaitawa a kai a kai ce take rage mata ƙarfi. Almajiri bai san sunansa ba, amma ya san tilawa.

Ki nemo abokiyar tafiya. Waccan abokiyar aikin da ta nuna miki hanyar ita ce ta fi dacewa: ku ɗauki kwas guda, ku sa ranar Alhamis lokacin tara kowa ta nuna inda ta kai. Kuma ki riƙe biro da littafi. Kallon bidiyo kina kishingiɗe yana da daɗi, har mutum ya ji kamar ya gane, sai an ba shi tambaya ya ga wayam. Ki tsayar da bidiyon, ki yi lissafin da kanki, sannan ki ci gaba.

Data da wuta kuwa dabara suke so. Kamfanonin waya suna sayar da data mai araha ta tsakar dare, sai ki sauke darussan mako guda a lokacin, ki rage ƙarfin hoton bidiyon, ki yi karatunki da safe datarki a kashe. Wannan ma ya raba ki da saƙonnin da ke faɗowa suna janye hankali. In Turancin malamin ya yi miki sauri, akwai wurin rage gudun magana da kuma kunna rubutun abin da yake faɗa a ƙasan allo. Zan ƙara da wata magana, ko da ba za ta yi daɗi ba: yawancin wayoyin yanzu suna nuna sa'o'in da aka ɓatar a kowace manhaja. Ki leƙa ki ga rabon WhatsApp da TikTok. Sau da yawa rabin sa'ar da muke nema tana can a kwance.

Akwai kuma lokutan da gaskiya babu sarari, kamar makon jarrabawa, ko rashin lafiyar yaro, ko goman ƙarshe na azumi. Ki dakata ba tare da jin kin yi laifi ba, amma ki sa ranar dawowa kafin ki rufe littafin. Dogon hutun ƙarshen shekara kuma dama ce da ma'aikata da yawa ba su da irinta.

Shi kuwa maigida, kada ki tsaya jayayya da shi. Ki roƙe shi alfarma guda, ya riƙe miki ƙaramin yaron na rabin sa'ar nan, zango ɗaya tak. In zangon ya ƙare ki nuna masa abin da hannunki ya iya wanda a da bai iya ba, ya yanke hukunci da kansa. Mu ma ki rubuto mana ki faɗa mana wanne kika zaɓa da inda kika kai. Allah ya ba da sa'a, ya yi wa yaran albarka.