WAYAR SALULA DA TALABIJIN: YADDA MAI JUNA BIYU ZA TA TSARA LOKACINTA

Uwargida, tun da aka fara amfani da wayar salula a Nijeriya a shekarar 2001, abin ya bazu har ya shiga kusan kowane gida. Yau a Tambuwal, Dogon Daji, Sanyinna, Jabo, Kebbe ko Kuchi, da wuya ki shiga gidan da babu waya ko ɗaya. Da ita ake gaida 'yan'uwa, a yi ciniki, a aika kuɗi, a kalli fim. Amfaninta ba ya ƙidayuwa. Sai dai yawan zama a kanta yana taɓa lafiyarki da ta abin da ke cikinki, har da yaran da ke gabanki. Wannan darasi zai nuna miki inda matsalar take da yadda za ki kauce mata.

Barcinki

Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke shirya jiki ya yi barci. Haske mai ƙarfi a ido da dare yana jinkirta fitowarsa. Bayan haka, fim mai tayar da hankali ko hirar WhatsApp da ba ta ƙarewa suna hana zuciya kwanciya. Mai ciki kuwa dama barcinta ba ya cika, saboda yawan fitsari, ƙwannafi da nauyin ciki. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9. Saboda haka ki ajiye waya awa ɗaya kafin ki kwanta, ki shiga gidan sauronki ba tare da ita ba. Daga mako na 28 na ciki, ki riƙa kwanciya a gefe, kada ki yi rigingine.

Dogon zama

Lokacin ciki jini yana saurin daskarewa fiye da yadda ya saba. Idan kika zauna wuri ɗaya awa biyu ko uku kina kallo, jini yakan taru a ƙafafu, su kumbura, baya da wuya su yi ciwo. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mai ciki da ba ta da wata matsala ta samu motsa jiki matsakaici na minti 150 a mako, wato kamar minti 30 a rana har kwana biyar. Tafiya a tsakar gida da shara mara wahala duk suna cikin lissafi. Duk bayan rabin awa ki tashi ki taka. Idanu ma suna son hutu: bayan kowane minti 20 na kallon waya, ki ɗaga kai ki dubi wani abu mai nisa na daƙiƙa 20.

Gargaɗi mai muhimmanci

Mata da yawa idan kansu ya yi ciwo ko suka ga dishi-dishi sukan ce ai kallon waya ne. Ga mai cikin da ya wuce wata biyar, wannan zato yana da haɗari. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, kumburin fuska da hannuwa, da ciwo a saman ciki alamu ne na hawan jinin ciki, wanda kan kai ga jijjiga, ya halaka uwa da ɗa. Idan kika ji ɗaya daga cikinsu, kada ki tsaya jiran ya wuce. A kai ki asibiti nan take a auna jininki. Haka kuma idan kika ga jini, ruwa ya fashe, zazzaɓi ya kama ki, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko motsin ɗan ya ragu. Ki riƙa ware lokaci kowace rana, babu waya a hannu, ki lura da motsinsa har ki san yadda ya saba.

Abin da ake turowa a waya

Saƙonnin murya da bidiyo suna yawo a WhatsApp, Facebook da TikTok, ana tallar maganin sauƙin naƙuda, maganin zaƙi ko na ƙarin nono. Mai turowa bai san ki ba, bai auna jininki ba. Wasu haɗe-haɗen suna sa mahaifa ta matse da ƙarfi har ta fashe. Kada ki sha komai sai kin tambayi ungozomar asibiti ko likita. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa, na farko cikin wata ukun farko. Ki tara tambayoyinki ki zo da su ranar awo.

Wasu mata suna tsoron ko riƙe waya zai naƙasa ɗan da ke ciki. Binciken da aka yi bai nuna haka ba. Illar tana cikin barci, motsi da natsuwar da take cinye miki.

Bayan an sauka lafiya

Jariri yana koyon magana ne daga fuskar uwarsa da muryarta. Lokacin da kike ba shi nono zalla a wata shida na farko, ki dube shi, ki yi masa magana, ki lura ko ya kama nono da kyau. Waya tana ɗaukar datti daga hannu zuwa hannu, don haka ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa shi, musamman cibiya. Man cibiya na kulohezidin, wanda jihar Sakkwato ta fara rabawa a cikin al'umma a shekarar 2013, shi kaɗai za a shafa mata.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wannan ma'auni ga ƙananan yara:

1. Ɗan ƙasa da shekara 2: kada a ba shi kallon waya ko talabijin.
2. Ɗan shekara 2 zuwa 4: kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi.
3. Ɗan shekara 1 zuwa 4: ya samu wasan motsa jiki na awa 3 a rana.
4. Barci: awa 14 zuwa 17 ga jaririn wata uku na farko, awa 11 zuwa 14 ga ɗan shekara 1 zuwa 2.

Idan yaro yana kuka aka miƙa masa waya ya yi shiru, gobe ma ita zai nema. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tatsuniyar kaka, wasan ƙasa, gaɗa da langa suna buɗe bakin yaro, su ƙarfafa jikinsa. Wasa a waje kuma yana taimaka wa idonsa.

Ga maigida da sauran iyali

Malam, abin da yaro ya ga kana yi shi zai yi. Ku sa doka a gida: babu waya lokacin cin abinci, a kashe talabijin idan ba mai kallo, a rage ƙarar bidiyo idan mai ciki ko mai jego ta kwanta. Kada a sa waya caji a kan katifa ko cikin gidan sauro, domin cajar jabu takan yi zafi ta kama wuta.

Akwai kuma aikin da waya ta fi dacewa da shi. Daga ƙauyukan Kebbe da Tambuwal zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma akwai tafiya, balle idan aka tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga damina tana ɓata hanya. Naƙuda kuwa ba ta sallama. Daga wata na takwas, kada a bari fim ya cinye cajin waya da dare. A bar kati a ciki, a adana lambar ungozoma, ta direban da zai zo ko da tsakar dare, da ta 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini. Idan za ka yi tafiya, ka bar wa uwargida wayar da ke aiki.

Uwargida, ki fara da abu ɗaya yau da dare: ki ajiye waya nesa da shimfiɗa awa ɗaya kafin barci. Idan kina da tambaya, ki kawo ta ranar awonki na gaba. Allah ya sauke ki lafiya.