Ɓarauniyar Iska a Cikin Injin Babur

Da yawa daga cikinmu in sun gama kwas za a tura su makarantun ƙauye, wajen Kwoi ko Zonkwa ko bayan dutsen Kagoro, inda babur shi ne dokin malami, bakanike kuwa sai an yi tafiya kafin a same shi. Saboda haka ya kamata kowane ɗalibi ya san wani ciwo da kan kashe inji a ɓoye, watau shigar iska ta inda ba a yi mata ƙofa ba.

Yadda injin ke aiki

Injin babur iri biyu ne. Akwai mai bugu huɗu, kamar Bajaj Boxer, akwai kuma mai bugu biyu, kamar Suzuki AX100 da Vespa irin ta da. Ƙaramin janareta da a ke zuba wa fetur gauraye da baƙin mai, da zarton inji na masu yankan katako, su ma masu bugu biyu ne. Wani mutumin Sikotilan, Dugald Clerk, shi ya yi rajistar inji mai bugu biyu a Ingila cikin 1881.

A irin wannan inji, fetur da iska su kan gauraya a kafireto, su zarce cikin akwatin da ke ƙarƙashin fistin. In fistin ya hau, sai ya tsotso su ciki. In ya sauko, sai ya matse su, ya tura su sama inda fulogi zai ba su wuta. Kun ga ke nan akwatin nan famfo ne, famfo kuwa ba ya aiki sai ya rufu ruf. Abin da inji ke so shi ne iska wajen kashi 15, fetur kashi 1, bisa ga nauyi. Baƙin man da ke sa fistin santsi kuwa tare da fetur ɗin ya ke tafiya.

To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Iskar da ta shiga ta tsaga ba ta bi ta kafireto ba, don haka ba ta ɗauko fetur ba. Gaurayen ya yi tsarari, zafi ya ƙaru. Fistin ya kumbura ya kama jikin silinda, ko kuwa kansa ya huje. Shi ne a kan ce inji ya buga.

Alamomi

1. In an saki totur, inji ba ya saukowa da wuri, sai ya yi ta kuka shi kaɗai.
2. Silo ba ya zama wuri ɗaya, yanzu sama, an jima ƙasa.
3. An juya sukurun iska na kafireto, amma ba a ji wani bambanci ba.
4. In an ja cok kaɗan, sai inji ya ji daɗi.
5. Bakin fulogi ya yi fari kamar toka. Na lafiyayyen inji launin ƙasa-ƙasa ya ke yi.

Amma a lura, datti a kafireto shi ma ya kan kawo irin waɗannan alamu, balle da ƙurar hunturu. A fara wanke shi tukuna. In ciwon bai tafi ba, sai a shiga neman tsaga.

Ƙofofin ɓarauniya

Ta farko, robar da ta haɗa kafireto da inji, wadda zafi da tsufa ke tsattsagawa. Ta biyu, gasket ɗin gindin silinda, musamman in gargadar hanya ta kwance notuna. Ta uku, wurin da ɓari biyu na akwatin su ka haɗu. Ta huɗu, sil biyu na roba da ke riƙe da sandar inji, hagu da dama. Na wajen magneto iska ya kan tsotsa. Na wajen kuloci kuwa man giya ya kan sha, sai ka ga hayaƙi ya yi yawa a salansa, man giya yana raguwa ba tare da ya ɗiga ƙasa ba.

Yadda a ke bincike

Da fari a wanke inji, a hau shi kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan a duba. Duk mahaɗar da ta yi danshin mai, ƙura ta manne mata, abar tuhuma ce. A lanƙwasa robar kafireto da yatsa a ga ko za ta buɗe baki.

Na biyu, a ta da inji a bar shi a silo, a fesa maganin wanke kafireto kaɗan a kan mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. Inda kukan inji ya sauya, nan tsagar ta ke. Wannan aiki a fili a ke yinsa, nesa da wuta, da bokitin yashi a kusa.

Na uku shi ne gwajin da ba ya ƙarya. A kashe inji, a cire kafireto da salansa. A toshe bakin salansa da guntun robar tsohon tub da ɗan faifan ƙarfe, a bar fulogi a ɗaure, a saukar da fistin ƙasa. A ɗura iska ta bakin kafireto da famfon hannu mai agogo. Irin wanda a ke awon hawan jini da shi a asibiti ya isa, gama 300 da ke ƙarshen agogonsa ya yi kusa da psi 6, watau daidai abin da a ke bukata. Kada a zarce haka, don kada a ture sil daga mazauninsa. A jira minti 5. In allura ta tsaya, inji lafiya lau. In tana sauka, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, inda kumfa ya taso an kama ɓarauniya.

Magani

Robar da ta tsage a sake ta, liƙi da gam ba ya daɗewa. Gasket ɗin da aka cire ba a mayar da shi. A kankare wurin sarai, a sa sabo, a ɗaure notuna kaɗan kaɗan, wannan sa'an nan na daura da shi, har su yi daidai. Kafin a cire tsohon sil a lura da fuskar da ya ke kallo, a shafa wa leɓen sabon mai. A kuma girgiza magneto da hannu, in yana motsi sama da ƙasa, boris ya ci, kuma zai cinye sabon sil nan da nan. Bayan gyara a sake gwaji.

Babban kuskure shi ne a buɗe wa kafireto fetur don a rufe ciwon. Inji zai yi shiru kwana biyu, tsaga kuwa tana nan tana faɗi, har ranar da zai buga a tsakiyar daji. Kuɗin sil ɗaya ina ya kai na fistin da ring da gyaran silinda?

Malamin da ya gane wannan ya sami darasin kimiyya a kyauta. Ya kawo famfon keke aji, ya toshe bakinsa yara su ji ƙarfin iska, sa'an nan ya sassauta yatsa kaɗan, su faɗa masa da bakinsu abin da ya faru. Allah ya kiyaye hanya.