Yadda Ake Karanta Tsohon Kuɗi

Tsohon kuɗi shaida ne na zamaninsa, amma sai ga wanda ya iya tambayarsa. A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram akan tarar da anini da ɗari da kwabo cikin kayan tsofaffi, tun na zamanin da suka kori wuri daga kasuwa. Yara na wasa da su, na azurfa kuwa maƙera na narkarwa su yi zobba. Wanda ya shiga wuta ya tafi da labarinsa ke nan.

In ka sami ɗaya, fara duba ƙarfensa. Aninin farko, na 1907, na gorar ruwa ne, ba nauyi. Daga nan sai rubutu. Masu huda ba su da surar Sarkin Ingila, sai kambi da sunansa, da darajar kuɗin da Larabci, a bayansu kuwa tauraro mai tsini shida. In ka ga 1936 da sunan Edward VIII, riƙe shi da kyau, gama sarkin nan bai cika shekara bisa gadon sarauta ba. Ƙaramin harafi H ko KN yana nuna maƙerar da ta buga shi a Birmingham.

Sai dai kada ka gaskata kowace shekara da ka gani. Liyarin azurfa da fatake suka riƙa kawowa yana ɗauke da 1780, shekarar da Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya ta rasu, alhali an yi ta buga shi da wannan lamba shekaru aru-aru bayanta.

Haka masana ke bi da kuɗin tagulla na lardunan Rumawa. Na Iskandariyya ta Masar rubutunsu na Yunananci ne, shekararsu kuma ta sarautar sarki ce: ga wata alama kamar L, harafin da ke biye da ita shi ne lissafin. Sai ka san sarkin kana ka san shekarar.

To, 'yan'uwa masu shirin koyarwa, kada ku bari almajiranku su goge irin waɗannan da toka ko yashi, don rubutun ake ci. Su wanke da ruwa kurum, su rubuta inda aka samo kowanne, a ajiye a makaranta.