Ruwa a ƙirji: yaya likita ke gane shi?

Lokacin ɗari da ƙura ciwon haƙarƙari yakan yawaita. Wani ya sha magani kwana uku ko huɗu, amma zazzaɓi bai sauka ba. In ya ja numfashi ko ya yi tari, sai ya ji suka a gefe ɗaya, kamar an caka masa wuƙa. Mai yiwuwa ruwa ko mugunya ce ta taru a kewayen huhunsa.

Huhu yana lulluɓe da tantani ninki biyu: ɗaya manne da huhu, ɗaya manne da haƙarƙari. Tsakaninsu danshi ne kaɗan. In ƙwayoyin cuta suka shiga nan, ruwa yakan taru, wani sa'i har ya wuce lita guda, ya danne huhu.

Da fari likita yakan ƙwanƙwasa bayan majinyaci da yatsa, kamar yadda uwargida ke buga tulu don ta san ko da ruwa ciki. Gefe mai lafiya yana amsawa kamar ganga, gefen ruwa kuwa ba ya amo. Wani likitan ƙasar Otirish, Auenbrugger, shi ya rubuta wannan dabara a shekarar 1761, kuma har yau ba ta tsufa ba. Bayan haka sai hoton ƙirji, wanda muke ce wa radiyo: ruwan yana fitowa fari a ƙasan huhu. Na'urar eko, irin wadda ake duba masu ciki da ita, tana ganin ruwan ko da kaɗan ne.

Amma hoto ba ya faɗin irin ruwan. Sai an zuƙo shi da allura ta tsakanin haƙarƙari, bayan an kashe zafin wurin. A nan ne mutane da yawa ke ja da baya, har wasu su ɗauke majinyaci su kai wa wanzami. Wannan kuskure ne. Ƙaho ba ya kai can, jinin fata kawai yake ja.

In ruwan ya fito garau, rawaya kamar man gyaɗa, a ƙasarmu tarin fuka ake fara zato. Ƙwayoyinsa kaɗan ne cikin ruwan, suna da wuyar kamawa. Shi ya sa ake auna kaki ma, a kuma gwada jini don ciwon sida. In an tabbatar, maganin wata 6 ne, kuma kyauta ake ba da shi. Ciwon zuciya, hanta ko ƙoda su ma suna tara ruwa ba tare da ƙwayar cuta ba. Ɗakin awo ne ke rarrabewa.

In kuwa ya fito da kauri, mugunya ce. Maganin sha kaɗai ba ya isa, sai an sa siririn tiyo an tsiyaye ta. In aka bar ta makonni, takan daskare ta ɗaure huhu, tiyo ya kasa, sai aikin tiyata a babban asibiti.