Wasiƙar Makaranta da Takardar Taro: Jagora ga 'Yan Bagudo a Ingila

Mutumin Bagudo ba baƙon harsuna ba ne. A kasuwar Lolo ko ta Tsamiya ana ciniki da Hausa da Dandanci da Fillanci, in aka ƙetara Segbana a tarar da Faransanci. Amma wanda ya sauka Ingila da iyalinsa, wasiƙar makarantar yara ce takan fara ɗaure masa kai. Kalmomin cikinta biyu-biyu suke tafiya, kuma ta gaban ce ke nuna ko akwai matsala.

Babbar kalmar ita ce "attendance", wato yawan zuwan yaro aji. In kun ga "good" ko "regular" a gabanta, ku kwantar da hankali. "Average attendance" matsakaicin zuwan ɗaliban aji ne ko na makarantar gaba ɗaya, da shi ake auna na ɗanku. In kuwa "poor" ce a gaba, ba zancen talauci ake yi ba, ana nufin yaron yana fashi da yawa.

A nan ne iyaye da dama ke ruɗewa, kuma abin yana damuna. Shekarar karatu kwana 190 ce, ana kiran suna safe da rana, sau 380 ke nan. Uba ya ga an rubuta wa ɗansa kashi 90 cikin ɗari, sai ya yi murna kamar sakamakon jarrabawa ne. Alhali kashi 90 na nufin fashin kwana 19, kuma daga nan ake sa yaro a layin "persistent absence", masu fashin da ya zama jiki. A gida, yaro ya bi mahaifinsa yankan shinkafa a fadamar Kwara na mako guda, malami zai fahimta. A Ingila kuwa komai yana shiga kwamfuta, ƙaramar hukuma kuma tana gani.

Fashi iri biyu ne. "Authorised absence" shi ne wanda shugaban makaranta ya amince da uzurinsa, kamar rashin lafiya ko ranar Sallah, muddin an sanar. "Unauthorised absence" shi ne wanda ba a amince ba, kuma shi ke jawo tara. Tun watan Agustan 2024, idan yaro ya rasa kiran suna sau goma ba izini cikin mako goma na karatu, ana iya cin uwa da uba tarar fam 80 kowannensu a kan kowane yaro. In ba a biya cikin kwana 21 ba, ta koma 160. Don haka, 'yan'uwa, kada ku yanki tikitin zuwa biki Kaoje ko Illo a tsakiyar zango sai kun rubuta wa makaranta kun ji amsa. Wannan dokar Ingila ce, Sikotilan nata tsarin daban ne.

Taro kuwa kalmarsa "turnout". Ana amfani da ita ga fitowar jama'a a rana guda: zaɓe, taron iyaye da malamai, taron ƙungiyar Hausawa. Ana cewa "good turnout" in mutane sun cika, "low turnout" in an yi ƙaranci, ko a ce taron ya kasance "well attended". Ba a faɗar ta a kan yaro ɗaya.

Wanda ya yi boko a Segbana ko Kandi ya yi hattara. A Faransanci "assister" halarta ce, amma in ya ce wa Bature zai "assist" a taro, za a ɗauka zai zo ya taimaka da jera kujeru. Abin da ake cewa shi ne "attend the meeting", ba a sa "to" a tsakani, domin "attend to" kula da mutum ne, kamar yadda likita ke duba majinyaci.

A saman takardar taro za ku ga "apologies". Sunayen waɗanda suka aiko da uzuri tun kafin a zauna ake jerawa a wurin, kuma ana ƙirga su cikin masu mutunta taron. Haka makaranta ma take so: ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi, uwa ko uba ya buga wa ofis waya da sassafe, ya faɗi sunan yaron da ajinsa da abin da ke damunsa, kafin malama ta buɗe rajista.