Yadda Ake Hawan Jirgin Ƙasa da Tasi a Tafiyar Umra

Hanyar Makka ce ta kawo kakannin Hausawan Abu Hujar da Maiurno bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan. Sun taho a ƙasa da kan jakuna, suna yada zango su yi noma su tara guzuri, wasu su shekara da shekaru kafin su ga Sawakin. Jikokinsu a yau kan bi ta Sinja da Sinnar da Gadarif da Kasala su kai gaɓar Bahar Maliya cikin 'yan kwanaki. Wahalar da ta rage tana can ƙetare, inda baƙo kan ƙarar da kuɗinsa da ƙarfinsa wajen neman abin hawa. Ga yadda ake kauce mata.

Da farko, ka san inda ka sauka. Wanda ya zo ta jirgin ruwa daga Sawakin zai sauka a tashar ruwa ta Jidda, kuma tashar jirgin ƙasa mafi kusa da shi ita ce ta Sulaimaniyya. Wanda ya zo ta sama, akwai tasha a cikin sabon ginin filin jirgin Sarki Abdul'aziz. Kafin ka fita, ka sayi layin waya mai intanet, na Zain ko STC ko Mobily, ka kuma canza kuɗi ka riƙe ƙananan riyaloli a aljihu.

Na biyu, tikiti. Jirgin ƙasa na Haramaini ya fara ɗaukar fasinja a 2018. Tsawon layinsa kilomita 450 ne, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, kuma tashoshinsa biyar: Makka, Sulaimaniyya, filin jirgi, Birnin Sarki Abdullah kusa da Rabig, sai Madina. Daga Makka zuwa Madina bai cika awa biyu da rabi ba. Ana sayen tikiti ta manhajar jirgin ko a tasha, da lambar fasfo. A watan azumi kujeru na ƙarewa da wuri, don haka ka yanka tun da sauran kwanaki. In kuna tafe da tsofaffi, mutum ɗaya ya saya wa kowa lokaci guda, domin kujerunku su zo kusa da juna.

Na uku, ranar tafiya. A gida mun saba mota ba ta tashi sai ta cika, in kuwa direba ya san ka, ya jira ka gama sallama da dangi. Wannan jirgi agogo yake bi, ana rufe ƙofa kafin lokacin tashi. Ka isa tasha da saura awa guda. Za a wuce da kayanka ta na'urar bincike, sannan ka ɗora tikitin a kan ƙofar gilashi ta buɗe. A jikinsa akwai lamba biyu, ta tarago da ta kujera. Ka nemi taragon tun kana kan dandamali, kada ka shiga ko'ina ka yi ta jan jaka tsakanin mutane. Kowane fasinja babbar jaka ɗaya ce tasa, wadda ba ta wuce kilo 25 ba, sai ƙaramar jakar hannu. Ƙullin tsaraba da buhun dabino sai a nema musu wata hanya.

Mai barin Madina da nufin umra ya lura da wannan sosai: jirgin ba ya tsayawa a miƙatin Zul Hulaifa, wato Abyar Ali, kuma yana wuce shi jim kaɗan bayan tashi. Ka yi wanka ka ɗaura harami tun a masauki, ka tambayi malaminku daidai lokacin ƙulla niyya tun kafin ka hau.

Na huɗu, tasi. Tashar Makka tana unguwar Rusaifa, 'yan kilomitoci daga Harami, ta Madina ma da tazara tsakaninta da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da ka fito za ka ji direbobi suna kiran “Haram, Haram!”, wato Harami, wani ma ya kama hannun jakarka. Ka riƙe kayanka, ka wuce zuwa layin tasi masu rajista ko motocin safa. In kana da Uber ko Careem, kuɗin zai fito a waya tun kafin ka shiga. Ka duba lambar motar ta dace da wadda aka nuna maka. In tasin titi ne, ka ce a kunna addad, wato mita, ko ku yi ciniki kana tsaye a waje. Ka tambaya a fili: kuɗin nan na mota ne gaba ɗaya ko na kowane kai? A nan yawancin rigima take tashi. Larabcin da mutanenmu suka tashi da shi babban jari ne a wannan wuri, a taimaki 'yan'uwa na Najeriya da Nijar da shi.

Na biyar, komawa masauki. Ka karɓi katin otel mai suna da adireshi da Larabci, kowa a ayarin ya sa ɗaya a jakar wuyansa, musamman iyaye mata da dattawa. Dab da salla akan rufe hanyoyin da ke kewaye da Harami, kuɗin tasi kuma ya hau da zarar an sallame. Ka fita da wuri, in an idar ka zauna ka yi lazimi har cunkoso ya ragu. Kafin ka sauka daga kowace mota, ka taɓa fasfo da waya da kuɗi. In wani abu ya faru a yankin Makka, lambar gaggawa 911 ce. In hanya ta rikice, ka nufi ma'aikaci mai kaki, domin matambayi ba ya ɓata.

Duk riyal da aka tsare a bakin tasha, da duk awar da ba a ɓata a rana ba, ƙarfi ne da tsoho zai yi ɗawafi da safa da marwa da shi. Allah ya kai mu lafiya, ya karɓi ibada.